Na ga icce mai jan fure a Yamai

 Tafiya mabuɗin ilimi ce. Wannan wata zan ba ku labarin wata tafiya da na yi zuwa Yamai, da wani icce da na gano can, da abin da ya biyo baya da na kawo irinsa garinmu.

Daga Maraɗi zuwa Yamai

Cikin watan Mayu na shiga mota a Maraɗi, da asuba. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Mun bi ta Gidan Rumji, da Madawa, da Galmi garin albasa, da Birnin Ƙonni, da Dogon Dutsi, da Doso. Bazara ce. Ko ina ƙasa ta yi fari. Gonaki an share su ana jiran ruwa. Shanu sun rame, sun taru ƙarƙashin gawo suna neman abin da ya faɗo. In ka ga kore, to gawo ne, ko bedi a bakin gari, ko garka a cikin fadama.

Mun isa Yamai da dare. Da gari ya waye na fita yawo. Zafin Yamai cikin wannan wata ba wasa ba ne, yakan wuce digiri 40. Na tsaya bisa gadar Kenedi, wadda aka buɗe a 1970. Ruwan kogin Kwara ya ja baya, yashi ya fito a tsakiya. Masu wanki sun shanya tufafi a baki, shanu suna shan ruwa.

Daga nan na hau unguwar Filato, inda ma'aikatu suke. A nan ne na hango wani abu ja wur bisa katangar wani gida. Da farko na ce gobara ce. Na duba, babu hayaƙi. Da na matsa kusa, sai na ga icce ne. Ganyensa kaɗan, amma fure ya rufe shi tun daga sama har ƙarshen rassa. Ƙasa ma ta yi ja da furen da ya zube. Na tsaya baki buɗe, kamar baƙauyen da nake.

Mai gadin gidan ya yi mini dariya. Ya ce sunan iccen fulambuwayan. Faransawa suka sa mishi wannan suna, ma'anarsa abin da ke ci kamar harshen wuta.

Kamannin iccen

Ba ya da tsawo ƙwarai, yawanci mita 5 zuwa 12. Amma rassansa suna buɗewa kamar laima, faɗinsu yakan fi tsawonsa. Ganyensa ƙanana ne, sun yi kama da na ɗorawa. Furensa ya kusa cika tafin hannu. Kowane fure kunne 5 gare shi: 4 jajaye, ɗaya kuma mai ratsin fari da rawaya. Bayan fure yana yin kwanso mai faɗi, mai tauri, tsawonsa yakan kai santimita 50 ko fiye. In ya bushe ya yi baƙi, ka girgiza shi sai ka ji ɗiyan suna kaɗawa a ciki.

Ba iccen ƙasarmu ba ne. Asalinsa daga tsibirin Madagaskar, can gabas da Afirka, cikin teku. Daga can aka kai shi ƙasashe masu zafi na duniya, saboda kyawonsa.

Wannan rana da marece na shiga gidan tarihi na Bubu Hama. A nan aka ajiye busasshen iccen Tenere. Kandili ne, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada, ayarin Bilma suna gane hanya da shi. Mota ta kaɓe shi a 1973, aka kawo gangar jikinsa Yamai. Da aka gina rijiya kusa da shi, an tarar saiwarsa ta nutsa ƙasa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Wurin mai garka

Kashegari na gangara bakin kogi, wajen garake na Yantala. Na tarar da wani tsoho yana ban ruwa ga ƙananan itatuwa cikin leda. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa. Mutumen Dogon Dutsi ne. Na nuna mishi kwanso biyu da na tsinto.

Ya ce: «Ɗana, in ka shuka su haka, za ka yi ta jira har ka gaji. Ɓawon irin tauri gare shi, ruwa ba ya shiga.»

Na ce: «To Baba, yaya ake yi?»

Ya ajiye guga, ya zaunar da ni, ya koya mini. Na rubuta a takarda. Ga abin da ya ce, kuma na gwada na ga haka ne:

Ka tafasa ruwa, ka sauke shi daga wuta. Ka zuba irin a ciki, ka bar shi ya kwana ya yini. Wanda ya kumbura ya yi, wanda bai kumbura ba ka goga gefensa bisa dutse kaɗan, ka sake jiƙa shi.

Ka cika leda da ƙasa kashi 2, taki wanda ya ruɓe sarai kashi 1. Ka huda gindin ledar. Ka sa iri 2 a kowace, zurfin gaɓar yatsa. Ka ba su ruwa safe da marece. Cikin mako ɗaya ko biyu za su tsiro. In duka biyu sun fito, ka bar mai ƙarfi.

Ka shuka cikin Maris ko Afrilu, don su yi wata 3 ko 4 cikin leda. In damana ta zauna, cikin Yuli ko farkon Agusta, sai dashe. Ka gina rame, faɗi santimita 50, zurfi santimita 50. Ka yanke ledar ka cire ta, amma kar ka warware ƙasar da ke riƙe da saiwa.

Da zan tashi ya riƙe hannuna, ya ce: «Abu guda kar ka manta. Saiwarsa bisa ƙasa take yawo. Ka nisanta shi da bango, da rijiya, da rumbu, kamar taki 10.»

Ku ga bambancinsa da kandili. Kandili yana nutsa saiwa ya nemo ruwa da kansa. Wannan kuwa saiwarsa tana bazuwa kusa da sama. Shi ya sa yake son a ba shi ruwa, shi ya sa kuma yake ta da gini.

Da na komo gida

Garinmu yana kudu da Maraɗi. Rijiyarmu tana da zurfi, ruwa da wuya yake fitowa. Da bazara ta zagayo na shuka, na samu dashe 5. Na je wurin maigari neman izinin dasa ɗaya a dandali.

Ya ce: «Malam, ana cin ɗiyansa?»

Na ce: «A'a, ranka ya daɗe.»

«Ana rufin ɗaki da shi?»

«A'a. Iccensa ba ya da ƙarfi, gara tana cin shi.»

«To mata su jawo ruwa gaba 20, a zuba wa icce don kallo?»

Gaskiya gare shi, ban da amsa. Na yi alkawari ba zan taɓa ruwan sha ba. Ya ce in je in gwada.

Cikin 5 ɗin nan, 2 awaki suka cinye su tun watan kaka, don shingen kara na yi musu. Shingen kara ba ya tsare akuya. Ɗaya gara ta kashe shi da rani, saboda ɗanyen taki da na zuba a gindinsa. Ɗaya na dasa cikin gidana, taki 2 daga bango, don ina son in riƙa ganinsa daga ƙofar ɗaki. Na ji maganar tsoho, na ƙi bi. Cikin shekara ta 4 bangon ya tsage daga ƙasa har sama. Da hannuna na sare iccen, na kuma biya magini. Uwargida ta daɗe tana yi mini gorin wannan aiki.

Na dandali shi kaɗai ya tsira. Na kewaye shi da ƙayar magarya, na ƙara kowace shekara. Na bizne tsohon tulu mai ɗan tsaguwa a gefensa, bakin tulun a waje. Duk ruwan alwala da ruwan ɗauraya marar sabulu nan muke zubawa, yana tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Toka nake barbaɗawa a gindi saboda gara. Rani 2 na farko su ne masu wuya: guga ɗaya kowane kwana 2 ko 3. Daga baya ya rage buƙata. Ƙananan rassa na ƙasa na riƙa yanke su da wuƙa mai kaifi, har gangar ta fi tsawon mutum.

Da rani ya zubar da ganye ƙaf. Yara suka zo da gudu suka ce iccen Malam ya mutu. Bai mutu ba, halinsa ke nan. Kar wanda ya sare shi don ya ga haka.

Cikin shekara ta 5, da bazara, ya yi fure. Mata masu zuwa rijiya suka tsaya da tuluna bisa kai. Fulani masu wucewa da shanu suka ratso suna tambaya. Maigari bai ce mini komi ba. Amma da ganye ya fito da ruwan farko, na ga an shimfiɗa tabarmarsa a gindin iccen. Har yau nan yake zama da hantsi.

Shawara

Ba zan ruɗe ku ba. Wannan icce ba na gona ba ne. Inuwarsa da damana take da kauri, hatsi ba ya yi ƙarƙashinta, saiwarsa kuma tana shanye laimar ƙasa. Iccen gona shi ne gawo: yana zubar da ganye da damana, yana gyara ƙasa, yana ciyar da bisashe da rani. Shi ya sa sarakunan Damagaram na da suka hana saransa. In inuwa ta dukan shekara kuke so, bedi ya fi shi. In wurinku ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, kamar arewacin Tawa ko Tanut, kar ku wahal da kanku, sai in kuna kusa da famfo ko garka.

Amma a dandali, ko filin lakkwal, ko farfajiyar asibiti, ko bakin kasuwa, icce ɗaya ya isa ya canza fuskar gari. Tun 1975 ake dashen itatuwa a ƙasarmu ran 3 ga Agusta. Mai son ya dasa wannan icce a ranar, tun Maris zai jiƙa iri. In kun je Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai da rani, ku duba gindinsa, za ku samu busasshen kwanso. Ku roƙi mai gida, ku ɗauko ɗaya. Ku tanadi ƙaya kafin ku gina rame, ku kuma ƙirga taki 10 daga bango.