Hangen Rum Ba Shiga Jirgi Ba Ne

A wannan makon labarin wani kuskure nawa zan ba ku, kuskuren da ya kusa cinye kuɗin da ni da ƙannena uku muka shekara biyu muna tarawa.

Mahaifinmu ya yi shekara talatin da biyar yana aikin reluwe, mafi yawansu a Zariya. Tun muna yara yake cewa jirgin ƙasa ya san shi ciki da bai, na sama ya hau zuwa aikin Hajji, saura na ruwa. Da raha yake faɗa, mu ma da raha muke ɗauka. Bayan rasuwar mahaifiyarmu gida ya yi masa faɗi, magana ta ragu, rediyon ma sai ya kunna ya bar ta tana yi ita kaɗai. Sai muka haɗa kai muka fara adashi a tsakaninmu, da niyyar mu kai shi yawon kwana bakwai a cikin jirgin ruwa a Bahar Rum. Ni aka ɗora wa tsara tafiyar da rakiya, wai ni ne na iya intanet.

A jikin tikitin an rubuta cewa jirgin zai tashi daga Rum, sai kuma wata doguwar kalma a gefe: Civitavecchia, wadda Italiyawa ke furtawa kamar Cibitabekkiya. Na ɗauka unguwa ce a bakin ruwa, kamar yadda Apapa take a Legas. Ban bincika ba. Duk ƙarfina ya tafi wajen biza da inshora da tikitin jirgin sama. Da na zo kan masauki sai na shiga kallon hotuna: gado fari tas, taga mai furanni, an ce a tsakiyar tsohon birni yake. Ga araha, da sharaɗin in ka biya ba a mayar da kuɗi. Na biya kwana uku, Alhamis da Juma'a da Asabar, tunda ranar Lahadi da yamma jirgin zai tashi. Har na tura wa ƙannena hotunan ina jiran yabo.

Da daren Alhamis mai tasi ya sauke mu a bakin wani lungu. Ƙasan lungun ƙananan duwatsu ne baƙaƙe da aka jera, irin waɗanda suka cika tsofaffin titunan Rum. A hoto suna da kyau, amma tayar akwati ba ta shiri da su, sandar dattijo ma haka. Da muka isa sai aka ce ɗakinmu yana hawa na uku, kuma ginin ba shi da lifta. A can ba a lissafa ƙasa a cikin hawa, saboda haka bene uku cur za mu hau. Baba yana da shekara saba'in da huɗu, ga ciwon gwiwa. Bai ce komai ba. Ya kama ƙarfen bene ya fara hawa, ina jin sa yana ƙirgawa a hankali. Da muka kai ya zauna a bakin gado ya ce, "Sittin da biyu." Daga nan ya tambaye ni ina alƙibla.

Washegari muka je sallar Juma'a a babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana kuma cikin mafiya girma a Turai. Bayan an idar muna neman inuwa sai wani mutum ya ji muna Hausa ya matso. Mutumin zangon Kumasi ne, ya daɗe yana aiki a Italiya. Ya rusuna ya gaida Baba, aka taɓa hira, har ya tambayi abin da ya kawo mu. Da na faɗa masa, sai ya ce, "To, yaushe za ku wuce Cibitabekkiya?" Na ce ai Lahadi da rana za mu tari tasi, minti nawa ne? Ya dube ni, ya dubi Baba. Ya ce, "Ɗan uwa, ai gari ne daban. Kusan kilomita 80 daga nan."

Kilomita 80. Wato kamar mutum ya kama ɗaki a Kaduna alhali motarsa daga Zariya za ta tashi. Bai tsaya nan ba. Ya ce an sanar ma'aikatan jirgin ƙasa za su shiga yajin aiki daga daren Asabar zuwa daren Lahadi. A Italiya ana sanar da yajin aiki tun da sauran kwanaki, kowa ya sani ya shirya, sai baƙon da ba ya karanta labaran gari. Ya ce ranar da babu jirgin ƙasa kowa kan mota yake komawa, kuɗin tasi zuwa can ko ba yaji ya haura Yuro ɗari, kuma jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Ana rufe karɓar fasinja tun kafin lokacin tashi, wanda ya makara sai dai ya bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, in yana da su. Mu ba mu da su.

A hanyar komawa na yi ta kawo hujja. Na ce za mu yi sammako, na ce za mu nemi mota tun yau, na ce in muka tashi mun yi asarar kuɗin kwana guda. Gaskiyar magana, ba kuɗin nake ji ba, kunyar kiran ƙannena nake ji. Baba ya bar ni na gama. Shi bai taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifinsa na ci, Abba yake ce mini. Ya ce, "Abba, wanda ka ci sunansa fatauci ya yi da jakuna. Ya sha gaya mana madugu ba ya zaɓen zango don inuwarsa ta yi kyau. Ruwa yake dubawa, da hanyar gobe. Kai inuwa ka duba." Sai ya ƙara da cewa a duk shekarun da ya yi a tasha bai taɓa ganin wanda ya rasa jirgi yana ɗora laifin a kansa ba, kullum laifin hanya ne.

A daren nan na sake buɗe waya, amma wannan karon ban kalli hoto ko ɗaya ba. Taswira na buɗe. A nan na gane cewa a garin da ake hawa jirgin ruwa, kalmar "kusa" ba ta da ma'ana sai an ce kusa da me. Tashar Civitavecchia babba ce ƙwarai. Ban da jiragen yawon shaƙatawa akwai na fito masu zuwa tsibirin Sardiniya da Basalona da Tunis, kowanne da inda yake tsayawa. Otal zai iya kallon ruwa ta taga, amma tsakaninsa da inda za ka hau jirginka akwai tafiya mai nisa. Fasinjojin jiragen shaƙatawa galibi a wani dandali da ake kira Largo della Pace suke taruwa, daga nan motocin bas na tashar ke kwasarsu kyauta zuwa gindin jirgi. Ashe abin da zan auna shi ne tazarar da ke tsakanin ƙofar otal da wannan dandali, da kuma tsakaninta da tashar jirgin ƙasa.

Na sami wani ƙaramin masauki a tsakanin wuraren biyu. Kafin in biya na kira su na yi tambaya huɗu. Akwai lifta, ko ɗaki a ƙasa? Mota tana iya tsayawa a ƙofarku? In mun iso kafin lokacin ba da ɗaki za ku ajiye mana kaya? Minti nawa ne a ƙafa zuwa inda ake hawa bas, ga dattijo mai sanda? Matar da ta ɗauki wayar ta yi dariya a kan ta ƙarshen, ta ce ga matashi minti goma, ga mahaifina a ba shi ashirin. Wannan amsar ta fi mini duk taurarin da ake jera wa otal a intanet.

Ranar Asabar da hantsi muka sauko matakala sittin da biyu a karo na ƙarshe. A babbar tashar Termini na ƙara koyon wani darasi. Jiragen da ke bin wannan hanya can ƙarshen tashar suke tsayawa, sai ka yi tafiyar kusan minti goma da kaya kafin ka kai. Daga baya na ga ashe layin yana bi ta tashoshin Ostiense da Trastevere da San Pietro, waɗanda ba su kai Termini girma da hayaniya ba. Duk wanda ya zama dole ya kwana a Rum kafin ya hau jirgin ruwa, da ya nemi masauki kusa da ɗaya daga cikinsu da ya huta. Haka kuma daga filin jirgin sama na Fiumicino babu jirgin ƙasa da ke zuwa Civitavecchia kai tsaye, sai ka shigo Rum ka canza. Tikitinmu bai kai Yuro goma ba kowane mutum, kuma da yake na takarda ne sai da muka buga shi a wata 'yar na'ura kafin mu shiga.

Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. A nan na ga Baban da na sani da. Ya zauna a bakin taga yana duba agogo a kowace tasha, yana gaya mini abin da direba yake yi daga jin ƙarar ƙafafun jirgi kawai. Da layin ya matso bakin teku, ruwa ya bayyana shuɗi har iyakar gani, sai ya yi shiru. Na daɗe ban ga irin wannan shirun a fuskarsa ba. Ba irin na gida ba ne.

Garin da na ɗauka unguwa ce ashe ya girmi garuruwa da yawa. Sunan ma "tsohon gari" yake nufi. Sarkin Rumawa Tarajan ne ya gina tashar a farkon ƙarni na 2, kuma a bakinta akwai wata ganuwa mai suna Forte Michelangelo da aka fara ginawa a 1508. Marubucin nan na Faransa, Stendhal, an turo shi garin a 1831 a matsayin ƙaramin jakada, ya yi ta ƙorafin kaɗaici, amma a zaman nan ya rubuta tarihin ƙuruciyarsa. Da yamma muka taka a hankali zuwa bakin ruwa, muka ci soyayyen kifi, muka zauna muna kallon jirage. Na auna hanyar gobe da ƙafata, daga ƙofar masauki zuwa dandalin bas, na dawo. Daren nan na kira ƙannena na faɗa musu komai. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ai da ka tambaya." Ban da amsa.

Ba ina cewa kowa ya guje wa Rum ba ne. Wanda ke da ƙafa da lokaci, ya kwana biyu ko uku a can ya more. Abin da na koya shi ne daren ƙarshe daban yake da sauran. Daren ƙarshe na jirgi ne. A iso garin tashar kwana guda kafin ranar tashi, don jirgin sama yana iya makara, akwati yana iya ɓata. A duba sunan tashar da kyau, domin ba Rum kaɗai ke da wannan tarko ba: jiragen da ake cewa na Atina daga Piraeus suke tashi, yawancin waɗanda ake tallatawa da sunan Landan kuwa daga Southampton, tafiyar sama da awa guda a jirgin ƙasa. Ɗakin da za a iya fasawa a karɓi kuɗi ya fi mai arahar da ba a mayarwa, ko da ya ɗan fi tsada. Sannan a auna nisa da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikin tafiyar, ba da taka ba.

Ranar Lahadi muka karya kumallo ba gaggawa. Ƙarfe goma sha ɗaya muka fito, ni da akwatuna biyu, Baba da sandarsa. Minti goma sha takwas muka yi, shi ya duba. Kafin azahar muna cikin jirgi. Da la'asar muna tsaye a saman bene muna kallon ƙasa, sai ga wasu mutum biyu sun sauko daga mota da gudu suna jan akwati, ma'aikata na ɗaga musu hannu su yi sauri. Sun samu shiga da ƙyar. Na ji gwiwoyina sun yi sanyi, don na san Baba ba zai iya wannan gudun ba, kuma ni ne da na sa shi.

Da jirgin ya yi ƙugi ya fara ja da baya daga gaɓa, Baba ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa, irin duban da ya shekara talatin da biyar yana yi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Sun cika lokaci." Can kuma, bai juyo ba, ya ce, "Da mahaifiyarku tana nan da ta ce a koma gida, ruwan ya yi yawa." Ya yi dariya har da hawaye, ni ma na taya shi.

Kuɗin kwana gudan nan har yau ƙannena suna tsokanata da shi, ni kuwa na biya su daga aljihuna ban yi gardama ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda ke raye Ya ba mu ikon kyautata musu tun suna iya taka ƙasa. Sai wani makon, in Allah Ya kai mu.