Raga Tsakanin Bishiyoyi Biyu a Sara

Daga Kano zuwa Sara, mota takan bi ta Wudil, ta haye gada, ta miƙa har Birnin Kudu, garin nan mai Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen dā suka bar zane a jikin duwatsu. Daga nan sai a kama hanyar Gwaram. Na yi wannan tafiya a hutun hunturu don in gaida kawuna. Hazo ya rufe gonaki, an girbe dawa, sai kara jingim a gefen hanya.

Sara gari ne na kasuwa da noma, ban zaci zan ga wasan badmintin a can ba. Amma bayan la'asar, da iska ta lafa, sai ɗan kawuna, wanda ke aji biyu na babbar sakandare, ya ja ni bayan gidansu. Sun ɗaure tsohon gidan sauro tsakanin darbejiya biyu ya zama raga, sun zana layuka da toka. Yara huɗu ne, biyu a kowane ɓangare, da raket na gwanjo da wani ya kawo musu daga Kano.

Babbar abokiyar gabarsu iska ce. Ƙwallon badmintin ta gaske gashin fiffiken dinya ko agwagwa 16 ne a soke jikin ɗan toshe, nauyinta wajen giram 5 kacal. Iska kaɗan ta isa ta karkatar da ita, shi ya sa manyan gasa a cikin rufaffen ɗaki ake yin su. Su kuwa yaran Sara sai su jira yamma, su laɓe a bayan katanga.

Ba a daɗe da farawa ba rigima ta tashi. Ƙwallo ta faɗi tsakanin ɗan kawuna da abokin wasansa, kowa na kallon ɗan'uwansa.

"Yaya, ka gani ko? Kullum haka yake yi mini," in ji ɗan kawuna. "Ni gara in koma buga ni kaɗai."

"Ai ta gefenka ce," abokin ya mayar, ya yar da raket.

Suna shirin gwada kansu da yaran wata makaranta bayan hutu, ga shi tun ba a je ko'ina ba za su watse. Na zaunar da su a gindin darbejiya na ba su labarin Tokyo.

A gasar Olamfik ta Tokyo, wadda aka yi a 2021 saboda annobar korona, Nijeriya ta samu wakilci a wasan maza bibbiyu: Godwin Olofua da Anuoluwapo Opeyori. Sun kara da 'yan Japan, da 'yan Denmak, da 'yan Rasha, an ci su duka wasanni ukun. Sai dai ku sani, tawaga 16 kawai aka ɗauka daga duniya baki ɗaya, suna ciki. Opeyori bai ajiye raket ba. Shi da Tobi Amusan suka riƙe tutar Nijeriya a bikin buɗe gasar Faris ta 2024.

Waɗanda suka ci zinare a Tokyo, Lee Yang da Wang Chi-lin na Taiwan, su ma an doke su a wasansu na farko, 'yan Indiya suka yi musu haka. Da sun tsaya nuna wa juna yatsa, da shi ke nan. Suka gyara, suka kai wasan ƙarshe suka cinye 'yan Sin. A 2024 suka sake cin zinare a Faris, su biyun dai.

Daga nan na taka musu filin da ƙafa. Tsawonsa mita 13.4 ne, faɗinsa a wasan bibbiyu mita 6.1, tsayin raga kuma mita 1.55 a wajen sanduna. Mutum ɗaya ba zai rufe wannan faɗi ba. Idan kuna kai hari, ɗaya ya tsaya gaba kusa da raga, ɗaya a baya yana dukan ƙwallo ƙasa. Idan ku ake kai wa hari, ku jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya tsare rabinsa. Wadda ta zo tsakiya kuwa, baki ne ke ɗaukar ta kafin hannu: wanda zai buga ya faɗa da ƙarfi tun tana sama.

Abokin ya sunkuya ya ɗauki raket ɗinsa, ya kaɗe ƙura. Suka koma. Har aka kira magariba ina jin "tawa!" da "taka!" suna tashi a bayan katanga. An sake cin su, da maki biyu a wannan karon, amma tare suka kwance gidan sauron suka ninke.

Washegari da zan hau mota, ɗan kawuna ya ce, "Yaya, in za ka dawo, ka taho mana da ƙwallo. Tamu saura gashi tara."