Abin da Teburin Gyaran Rediyo Ya Koya Mini

Mu da muka tsufa muna gyaran rediyo da rikoda a kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui, maganaɗisu ne ya ciyar da mu. Shi ke cikin lasifika, shi ke riƙe wa'azi da waƙa a zaren kaset. In murya ta dushe, sai ka jiƙa auduga da sifirit ka goge kan rikodar, ka riƙa murɗa ɗan sukurun gefensa kana kasa kunne, har ta washe. Da zamanin kaset ya wuce, na ga waɗanda suka san dalilin aiki sun koma gyaran waya, waɗanda canja kaya kaɗai suka iya kuwa suka rufe rumfa.

Shi ya sa da jikana mai karatun kimiyya ya zo mini da zancen sikirmiyon, ban bar shi ya tashi ba sai da na gane.

Kowane ilektron yana ɗauke da ɗan maganaɗisunsa, mai fuskar da yake kallo. A ƙarfen lasifika duk wuri guda suke kallo. Amma akwai ma'adinan da ƙirarsu ke da dama da hagu, irin su haɗin manganis da silikon. A cikinsu kowanne sai ya ɗan karkace wa maƙwabcinsa, har su murɗe su zama dunƙule ɗaya, shi ne sikirmiyon. Kamar ƙulli ne a igiya: kana iya tura shi gaba ko baya, amma girgiza ba ta kwance shi. Faɗinsa a wannan ma'adinin kusan nanomita 18 ne, dubbai za su jeru a kaurin gashi guda.

Inda abin ya fi kama ni shi ne lokacin da wuta ta ratsa. Ilektron mai wucewa dole ya juya fuskarsa ya bi murɗin, wannan juyin kuwa sai ya kautar da shi gefe. Shi ma ƙullin ba ya tsira: turin ilektron na sa shi tafiya. A 2010 aka auna cewa wutar da ke motsa shi ta gaza wadda ke motsa iyakokin maganaɗisu na yau da kullum wajen sau 100,000. Shi ya sa ake fatan adana bayanai da shi. Wanda ya zauna a unguwar da ake cajin waya da sola da janareta ya san darajar ma'ajiyar bayanai da ba ta shan batir.

Tony Skyrme, Baturen Ingila, ya yi lissafin irin wannan ƙullin a farkon shekarun 1960, kuma ƙwayar zarra yake nazari, ba ruwansa da kwamfuta. Ya rasu a 1987. Sai a 2009 masana a Munich ta Jamus suka gano abin a maganaɗisu, cikin sanyin da ya kai digiri 244 ƙasa da sifili. A 2010 Japanawa suka ɗauki hotonsa. Tafiyar kusan shekara 50 ke nan, mu kuma nan yaro in ya yi wata uku a rumfa sai iyaye su fara tambayar abin da ya kawo gida. Wannan gaggawar tana ci mini rai, don ita ke raba samarinmu masu kaifin kai da karatu.

Har yanzu abin bai shigo kasuwa ba. Ƙullin ba ya tafiya sak, yana zamewa gefe, yana iya hallaka a bakin layinsa. Dabarar da aka samo ita ce a haɗa shimfiɗa biyu masu kishiyar fuska, zamewar ɗaya ta kashe ta ɗaya. Da ita ne masana a Grenoble ta Faransa suka tura shi gudun mita 900 a daƙiƙa, a 2024.