Zanen Inna da Bargon Ƙyallaye

A wannan makon zan ba ku labarin abin da na koya a hutun da ya wuce, wato ɗinkin haɗa ƙyallaye masu lanƙwasa, da yadda na kusa ɓata zanen da mahaifiyata ta fi ƙauna.

Da yawa daga cikinku sun san ba a garin Sabon Birni aka haife ni ba. Shekara uku ke nan da muka baro ƙauyenmu cikin dare saboda 'yan bindiga, kamar yadda ya faru da gidaje da dama tsakanin nan da Isa. Ba mu ɗauko tabarma ba, balle bargo. Ƙunshi ɗaya Inna ta ɗora a ka, na tsofaffin zannuwanta. Gwaggona, wadda take ɗinki a cikin gida da kekenta Butterfly, ita ta ba mu ɗaki. Duk hunturu, idan iskar gulbi ta taso da asuba, ni da ƙannena biyu mayafi ɗaya muke jayayya a kansa.

Bana na roƙi Gwaggo ta koya mini yin bargo da ƙyallayen atamfar da suke tarawa a buhu bayan ƙyaure. Na ce ba na son mai kusurwa huɗu zalla, ina son wanda idan an haɗa zai fitar da da'ira kamar wata ɗan daren sha huɗu. Ta yi dariya, ta ce: "Ɗiyata, kin zaɓi mai wuya. Miƙaƙƙen ɗinki kowa na yi nai, amma lanƙwasa sai mai haƙuri."

Ga yadda abin yake. Kowane gida na bargon murabba'i ne mai inci 8, kuma ƙyalle biyu ne suke yin sa. Ɗaya yana da tudu, kamar ka raba waina huɗu ka ɗauki yanki guda. Ɗayan yana da rami, inda tudun zai zauna. Gida huɗu ke ba da wata ɗaya cikakke. Muna bukatar gida 48, wato wata 12.

Kafin almakashi ya taɓa komai sai da Gwaggo ta sa na wanke ƙyallayen, don wasu suna zuba, wasu kuma suna tsukewa bayan wanki. A wurin shanya ta nuna mini bambancinsu: atamfa mai kyau, ciki da waje launinta ɗaya ne, mai araha kuwa bayanta fari-fari yake. Sai na tuna bayanin malaminmu na labarin ƙasa, cewa asalin atamfa wani rini ne na mutanen tsibirin Jaba a ƙasar Indonesiya, wanda suke kira batik. Suna zana ado a kan yadi da narkakken kaki, su tsoma a baba, inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa. Turawan Holan ne suka kwaikwayi wannan da inji, kuma kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, har yau yana yi. Shi ya sa iyayenmu ke cewa 'yar Holan. Irin wannan yadi saƙarsa a matse take, ba ya miƙewa da sauƙi, don haka idan ka yi kuskure wurin yanka, ba ya rufa maka asiri.

Da Inna ta ga da gaske nake, sai ta kwance ƙunshinta ta fito da wani shuɗin zane mai ganye-ganye. Tsakiyarsa ya mutu saboda tsufa, gefe guda kaɗai ke da ƙwari. Ta ce: "Wanga shi kaɗai yar rage mani cikin lehena. Sa shi ciki, ƙannenki su ji ɗuminai."

Nan zumuɗi ya ɗebe ni. Gwaggo ta tafi barka, ni kuwa na kasa jira. Na kifa faranti a kan zanen, na zana da alli, na yanka daidai kan layi, har yanki 12, iyakar abin da gefen zai iya bayarwa. Da na zo haɗa su da masu ramin da Gwaggo ta riga ta yanka, sai suka ƙi zama. Na ja, na tura, na taka keke da ƙarfi. Abin da ya fito ya tattare kamar bakin jakar tsaba. Na farke da reza, na sake, ya ƙara lalacewa. Na zauna ina kuka, ina tunanin da wane ido zan kalli Inna.

Gwaggo ta dawo, ta ɗauki yanki ɗaya ta auna, ta gane laifin nan take. Na manta ban bar wurin da ɗinki zai ci ba, wato kwatan inci a bayan layi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauko kwalin sabulu ta yanka sabon ma'auni mai ƙaramin rami, daidai da yankan da na ɓata, muka yi musu sababbin abokan haɗi da wani jan ƙyalle.

Sannan ta zaunar da ni ta koya mini daki-daki. Ki ninka kowane yanki biyu, ki danna da farce don ki gane tsakiyarsa. Ki haɗa tsakiya da tsakiya, fuska na kallon fuska, ki soka fil. Ki soka wani a kowane ƙarshe, sannan ki cike tsakani. Mai rami ya kasance a sama, don idonki ya ga inda zai tattare. Ki juya keke da hannu, ɗinki huɗu ko biyar ki tsaya, ki ɗaga ƙafar keke ki gyara. Idan kin gama, ki ɗan tsattsaga bakin ramin da kan almakashi ba tare da kin taɓa zare ba, ki kwantar da shi da dutsen guga. Duk lokacin da ta ga hannuna yana jan yadin sai ta ce: "Ba a jan shi, lallashinai akai."

Gidan farko da ya kwanta lafiya lau ya ci mini kusan awa ɗaya. Kafin mako na uku ina yin shida a wuni. Muka shimfiɗa tsohon zanen gado a baya, muka sa wani a tsakiya don kauri, Inna da kanta ta bi shi da allura da zare.

Yanzu bargon yana kan shimfiɗarmu. Duk wanda ya lura zai ga wata uku na jerin sama sun fi sauran ƙanƙanta. Su ne na zanen Inna, kuma su ne shaidar gaggawata. Ranar da muka gama, ta shafa su da tafin hannu, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce Allah ya yi mini albarka. Ƙannena kuwa tun daga ranar ba su sake faɗa kan mayafi ba.

'Yan'uwa, hunturu yana tafe, kuma a ajinmu kaɗai na san waɗanda halin da muka shiga ya same su. Teloli suna zubar da ƙyallaye kullum. Duk wadda take son koyo, ko wanda yake so, ya same ni lokacin tara da kwali da almakashi, mu yanka ma'auni tare. Sharaɗina ɗaya ne: ka fara gwaji da tsumma, kada ka fara da zanen mahaifiyarka.

Daga wata 'yar aji biyar, ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.