Jan birona ne ya goge mai ba da labarin

Na daɗe ina koyar da Turanci a ajin SS2 da SS3 na wata makarantar kwana ta maza, kuma a cikin darussan insha'i babu wanda nake ji da shi kamar rubutun rahoto. Take a sama da manyan baƙaƙe, kwanan wata, gabatarwa, bayani daki-daki yadda abu ya faru, shawarwari, sai suna da muƙami da sa hannu a ƙasa. Bayan wannan akwai doka ɗaya da nake nanatawa har yara suka haddace ta: mai rahoto ba ya sa kansa a cikin rahoto. Kada ka ce "na ji", kada ka ce "ina zato", kada ka ce "wane ya gaya min". Ka ce "an gano", "an lura", "an tabbatar". A wurina wannan shi ne harshen ofis.

Ba haka kawai na ɗauki wannan hanya ba. A jarrabawar Turanci ta WAEC ana neman insha'i mai kalmomi kamar 450, kuma maki 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Mai yin maki ba ruwansa da ko abin da ɗalibi ya bayyana ya auku, shi ma ya san ƙagagge ne. Yaron da ya rubuta da ƙarfin hali, babu inda-inda, shi ke cin maki. Laifina shi ne na bar jarrabawar ta zame min darasin gaba ɗaya, na manta cewa yaran nan za su rubuta rahoto a kan mutane masu rai, tun ma kafin su bar makaranta.

Wata rana aka wayi gari an ɓalle tagar siton abinci, an ɗauke shinkafa da man girki. Shugaban makaranta ya umarci firfet mai kula da abinci ya kawo rahoto a rubuce. Yaron ɗalibina ne, don haka ya fara kawo min in duba masa. A Turance ya rubuta, amma ga abin da wata jimla take nufi: wani ɗan aji biyu ya gaya masa wai an ga wane, ɗan SS3, a bayan sito da daddare. Na ciro jan biro na ja layi a kan rabin farko, na rubuta masa a sama cewa an ga wane a bayan sito da daddare. Har na ce masa, "Ka ga yanzu ya zama rahoto, ɗazu hira kake yi." Ya yi godiya, ya sake kwafewa da kyakkyawan rubutu, ya sa hannu ya miƙa.

Kwamitin ladabtarwa ya karanta jimlar yadda take a takarda, a matsayin abin da ya tabbata. Aka kori ɗan SS3 ɗin gida sai an neme shi.

Da mahaifinsa ya zo, dattijo ne manomi, bai ɗaga murya ba. Aka karanta masa rahoton, aka fassara. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, Allah ya gafarta maka, wa ya gan shi?" Aka kira firfet, ya ce ɗan aji biyu ne ya faɗa masa. Aka kira ɗan aji biyu, ya ce shi ma a ɗakin kwana ya ji. Da aka kai ga na ƙarshe, sai ya ce babu wuta a daren, wani dogo kawai ya hango, washegari ana ta kiran suna shi ma ya bi. Daga baya kayan suka ɓulla a hannun wasu da ba ma ɗalibai ba ne.

An dawo da yaron, amma ya rasa jarrabawar gwaji, kuma sunan ɓarawon shinkafa ya bi shi har ya gama. Na faɗa wa kwamitin cewa firfet ya rubuta gaskiya, ni na ɓata ta. Na je gidansu yaron na ce, "Baba, hannuna ne ya jawo wannan, a yafe min." Dattijon ya ce ya yafe. Yaron bai ce komai ba, kuma yana da gaskiya.

Abin da ya fi damuna, waɗannan yaran sun taso suna zuwa Islamiyya, inda ake koya musu cewa hadisi da isnadinsa yake tafiya, wane ya karɓo daga wane, kuma malaman hadisi irin su Imamu Buhari suna bambanta wanda ya ji da kunnensa da wanda aka ba labari. Sun san aya ta 6 ta Suratul Hujurati a kan bincika labari kafin a cutar da wani. Kotu ma haka take: sashe na 38 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya hana karɓar shaidar "an ce, an ce" sai a wuraren da doka ta keɓe. Firfet ɗin nan ya shigo ofishina da isnadinsa a hannu, ni malaminsa na yanke shi don rubutu ya yi kyau.

Har yanzu ina koyar da take da kwanan wata da sa hannu, domin ana buƙatarsu, kuma darasi ɗaya ya ishe su. Sauran lokacin a kan jimloli muke ƙarar da shi. Nakan tura yara su duba wani abu na zahiri, kamar famfon da ya lalace a bayan ɗakin kwana, su rubuto. Sai mu bi rubutun jimla bayan jimla ina tambaya: wannan gani ka yi, ko faɗa maka aka yi, ko zato kake? In gani ne, ina kake tsaye, ƙarfe nawa? In faɗa maka aka yi, rubuta wanda ya faɗa. In zato ne, sauko da shi ƙasa inda ake ba da ra'ayi, ka kira shi zato. Yaran kan yi mamakin yadda shafi guda yake komawa layi biyar. Ban ga wannan ya rage wa kowa maki ba.

'Yan'uwana malamai, yaran da ke gabanmu gobe su ne 'yan sanda da nas-nas da sakatarorin ƙananan hukumomi, kuma da takardunsu za a tsare wani ko a sallame shi daga aiki. In ɗalibi ya kawo muku rahoto ya rubuta wanda ya ba shi labari, don Allah ku gyara masa nahawu ku bar masa sunan a wurinsa.