Ƙwayar tafasa, kakar 2023

Litinin, 16 ga Oktoba. Birnin Kudu.
Tafasa ta bushe a bakin titi, daga nan har Sara. Kwanso siriri, a lanƙwashe, kana taɓawa yana fashewa. Alhajin Dawanau ya sake kira: a tara masa ƙwaya ko nawa ce, mota ƙarshen wata, kuɗi bayan awo. Na ce to. Rabin albashi ya tafi a buhuna da kafin alƙalamin matan Gwaram.

Talata, 17.
'Yan ajina sun yi ta dariya da na ce Sinawa ke saye. Wani daga baya: "Malam, abin da ko akuya ba ta ci?" Da gaskiyarsa, dabba ba ta kula ɗanyarta.

Alhamis, 19. Gwaram.
Kuɗin mota ba a magana tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu. Tsakar gida ƙura kawai. Matan yayyena na bugu da sanda a kan tabarma, yara na sheƙa da faifai. Inna a gindin bango. Yanar idon dama ta ƙara fari. Da yatsa take tsintar tsakuwa, kuma duk ta fi su sauri.

Ta ware wani ɗan tuli gefe. "Wannan rai-ɗore ne, ɗan nan. Ji, tasa a baje take, ta tafasa kuwa da kusurwa." Ni mai koyar da noma ina kallo da ido biyu. Ƙwayar rai-ɗore guba ce ga kaji da awaki. Ta shiga buhu, kaya sun lalace.

Da dare kwaɗon busasshen ganye, wanda ta shanya tun damina. A tafasa, a zubar da ruwan fari, a matse, sai ƙuli, albasa, barkono, gishiri. Ta ce a farin 1973 shi ne kalaci, shi ne abincin dare, ƙulin ma babu. "Mu ganye muka sani. Ƙwaya ta tsuntsaye ce, su ma ba su so." Na ba ta labarin Sudan, inda ake kirɓa ganyen a binne cikin tulu wajen mako biyu, ya ruɓa, a busar, a sa a miya madadin nama. Kawal. Ta ce daddawa ke nan, me ya yi saura.

Juma'a, 20.
Ɗan Kawu mai karatu a Nanjin ya turo hoto ta WhatsApp. Ƙwayar tafasa, ita ce sak, a soye cikin kwalba mai rubutun zinare, a shagon masu maganin gargajiya. Shayi suke yi da ita, don ido da bushewar ciki. Tana cikin babban kundin magungunan Li Shizhen da aka buga a 1596. Na tambayi kuɗin kwalbar. Ya faɗa. Na yi lissafi da kwano, na ajiye wayar.

Ya haɗa da hoton abincin ranarsa: wani tsiron kan tudu, juecai, tohonsa a naɗe, ana cira da bazara. Ganyen daji ne, magani ne kuma a wajensu. Ba a cinsa haka nan. Sai an dafa, an jiƙa ya kwana, ana sauya ruwa, a Jafan har da toka. A 1983 masana a Jafan suka ware gubar da ke cikinsa, mai jawo ciwon daji ga dabbobin gwaji. Shanun da suka daɗe suna kiwo a kansa fitsarin jini suke yi. Tsofaffin can sun riga masanan zubar da ruwan fari da ɗaruruwan shekaru.

Asabar, 21.
Labari ya kai kunnen Kawu. Wai a daka ƙwayar a sa wa Inna a ido kamar kwalli. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ko can sha suke yi, kuma yanar ido sai aiki." Bai ji daɗi ba. Inna ta ce a soya mata ta ɗanɗana, ta ji abin da Sinawa suka gani. Ƙamshi kamar gahawa. Rabin kofi.

Lahadi, 22.
Cikin Inna ya saki da asuba. Tana dariya, ni ba na yi. Shayi ya ƙare daga yau.

Laraba, 25. Birnin Kudu.
Buhuna a zaure, kan katako saboda sanyin ƙasa. Maiɗakina ta ce ta ina baƙi za su wuce. Asibiti sun duba idon Inna, sun rubuta ranar aiki a watan gobe. A kula da hawan jini kafin nan.

Na karanta cewa ba duka ke tafiya shayi ba. Masana'antu a Gujarat ta Indiya na fasa ƙwayar su fitar da wani gari mai kauri, a zuba a abincin karnuka da kyanwoyi na gwangwani, da cuku. Turai ta amince da shi a abincin mutane a 2010, E427. Karen Bature. Ban gaya wa Inna ba.

Asabar, 28.
Wayar Alhaji a kashe.

Litinin, 30.
A kashe. Matar Yaya ta aiko yaro: ragowar kuɗinsu fa, ga biki ya matso. Na ba da abin da ke aljihu. Barci ya ƙi.

Talata, 31.
Hazo da safe, na farkon bana. Duwatsun bayan gari ba sa ganuwa sosai. Wani dillali a tasha ya taya, ƙasa da na Alhaji nesa ba kusa ba. Ya ce kaya sun cika Dawanau, kowane ƙauye ya farga. Ko gaskiya, ko ciniki. Ban sallama ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba.
Ya kira! Wai yana Legas wajen kwantena. Farashi ya ɗan sauka, kuma za a tankaɗe a gabansa, duk buhun da aka ga rai-ɗore a mayar. Namu Inna ta bi da hannu, ban da biyun da na saya a Sara. Gobe bayan masallaci a zazzage su a sake bi.

Juma'a, 3.
Mun sake bi, ni da yara, har magariba. An samu, ba yawa. Direba ya ce Lahadi, in ya sami mai. Dillalin tasha ya ƙara ɗari a kwano, ya ba ni zuwa gobe da azahar.