Butar Shayi a Domayo

A hutun ƙarshen shekarar 2024 ne Allah ya nufe ni da zuwa Marwa, bayan na yi shekaru ban taka garin ba. Ba yawon shan iska ya kai ni ba. Ta'aziyya na je, wadda ta daɗe har ta zama abin kunya. Mahaifin wani abokina ne ya rasu, abokin da muka yi makarantar horon malamai tare a Garwa, muka kwana ɗaki ɗaya, muka ci a kwano ɗaya. Da labarin rasuwar ya iso ni sai na buga waya kawai, na ce ina nan tafe. Yau da gobe, har wata 14 suka wuce. Tun daga lokacin gaisuwarmu ta koma "lafiya lau" a gajarce, kowa ya ajiye waya.

Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai. Mun wuce Pitowa, muka wuce Figil inda ake yin siminti, daga Muturwa kuma sai fili ya buɗe. Ko'ina ya bushe saboda hunturu, in ban da gonakin muskuwari, wato dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka bayan damina ta ɗauke. Su kaɗai ne kore shar. Ni dai ban kalle su sosai ba, ina ta shirya maganar da zan faɗa.

Gidan abokina yana Domayo, unguwar da ke gefen Mayo Kaliyawo. Masu jin Fillanci sukan ce sunan daga "dow maayo" ya fito, ma'ana a bakin kogi. Kogin kuwa da rani yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki, wasu na tona rami suna ɗibar ruwa. In ka ce wa mutumin Garwa Domayo, abin da zai fara tunawa shi ne babban titin nan mai gasasshen kifi da tsire da kiɗa har tsakar dare, musamman tun da aka buɗe jami'a a garin a 2008 ɗalibai suka cika unguwar. Amma da ka saki titin ka shiga lungu, sai ka tarar da wata Domayo dabam, ta zauruka da inuwar dalbejiya, inda ba ka jin komai sai sautin turmi da karatun allo.

Na yi sallama bayan la'asar. Ya fito, muka gaisa, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Na yi masa ta'aziyya, muka yi addu'a, muka shafa. Sai shiru.

To, a nan ne zan ɗan tsaya in yi wa mai karatu bayani, don ya san abin da nake jira. A gidan nan, tun zamanin marigayi, shayi iri biyu ake ba baƙo. Akwai na filas, wanda uwargida takan dafa tun da safe, jan shayi da kanumfari da citta, duk wanda ya leƙo a tsiyaya masa kofi guda ya sha ya kama gabansa. Ba raini ba ne, haka ake yi a gidaje da yawa a arewacin Kamaru. Akwai kuma na gawayi, wanda maigida da kansa yake dafawa a gaban baƙo. Wannan ba ya ƙarewa ƙasa da awa biyu, saboda haka ba a hura wutarsa sai don wanda ake so ya zauna. Na san wannan sarai, shi ma ya san na sani.

Can sai ya kira ƙaramin ɗansa, ya ce, "Je ka ce wa innarka ta ba ka garwashi. Ka ɗauko butar Baba."

Wallahi sai da na sunkuyar da kai.

Butar 'yar ƙarama ce, shuɗiya, fentinta ya ɓare a baki, an ɗaure murfin da waya. Ba za ta ci fiye da ƙananan kofuna huɗu ba. Ya kwance ƙullin ganye, koren shayi na ƙasar Sin, irin wanda aka murza ya nannaɗe. Ya auna da kofin da za a sha, kusan cikinsa guda, ya zuba a buta. Sai ya ɗan zuba tafasasshen ruwa, ya girgiza, ya zubar. Wannan wankin yana fitar da ƙura, yana kuma rage ɗacin da ke kama maƙogwaro. Daga nan ya zuba ruwa kofi uku, ya ɗora a gefen garwashi, ba a tsakiya ba. Marigayi yakan ce wuta mai yawa tana ƙona ganye kafin ya ba da abin da ke cikinsa.

A matsayina na malamin makaranta, na sha tambayar yara bambancin jan shayi da kore, su ce itatuwa biyu ne. Itace ɗaya ne. In an tsinko ganye aka murza aka bar shi ya sha iska har ya yi duhu kafin a busar, shi ne ja. In kuwa aka yi maza aka ba shi zafi tun yana ɗanye, sai ya tsaya a korensa. Na cikin 'yar jakar takarda da ake tsomawa a kofi kuma, yawanci gari ne da ɓarɓashin ganye, shi ya sa yake saurin ba da launi amma ba ya jure dahuwa ta biyu. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ƙasarmu tana noman shayi: akwai gonar Tole a gindin Dutsen Kamaru kusa da Buya, akwai ta Ndu a tsaunukan Arewa maso Yamma, akwai ta Juttitsa kusa da Cang, waɗanda gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa a 2002. Amma baƙin shayi suka fi yi. Koren da ake yi wa dahuwa uku daga Sin yake zuwa, al'adar kuma ta biyo hamada ne daga Maroko ta hannun Larabawa da Buzaye, har ta iso mana ta Nijar da Cadi.

Da ya tafaso sai ya sa sukari, ya fara juyawa daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, yana ɗaga hannu sama har kumfa ta hau. Ba ado ba ne kawai, juyawar ce ke narkar da sukari tana kuma huce shayin. Ya miƙo mini na farko. Ɗaci kamar maɗaci. Muka sha babu mai cewa uffan.

A dahuwa ta biyu ne, wadda ya jefa wa na'a-na'a, bakinsa ya buɗe. Ya ce shi da bai iya dafa shayi ba, teburin mai shayi na bakin titi ne wurin hirarsa. Sai hare-haren watan Yuli na 2015 suka zo, aka tayar da bama-bamai a babbar kasuwa da Barmare, bayan kwana uku kuma a Pont Vert. Mutane suka daina taruwa da dare, kowa ya shige gida da magariba. A waɗannan darare ne tsohon ya zaunar da shi ya koya masa, har ya zama kullum bayan isha'i su biyu ne a wannan zaure. Ya ba ni labarin jinyar, da yadda likita ya hana tsohon sukari, ya koma shan shayinsa haka nan da ɗacinsa, yana cewa ai ba don zaƙi yake sha ba.

Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, sau biyu yana tambayarka."

Duk maganar da na shirya a mota ta gudu. Na ce, "Ban da hujja, Malam. Ka yafe mini."

Bai amsa ba. Ya ɗauki mafici ya gyara garwashi, ya ƙara ruwa a kan ganyen nan dai, ya sa sukari fiye da na baya. Na uku ba shi da ƙarfi, ruwan zaƙi ne mai ɗan ƙamshi, shi ne ake ba yara da tsofaffi. Ya tsiyaya wa ɗansa rabin kofi, yaron ya sha yana lashe baki, ya aike shi ciki da kofi guda don uwargida. Aka kira magariba a masallacin unguwa.

Da muka dawo daga salla na ɗauki jakata, na ce zan nemi motar dare. Ya ce, "Wace mota? An riga an share maka ɗakin Baba." Ya juye tsohon ganyen a gindin dalbejiya, ya ɗauraye butar, ya ce wa yaron ya rufe sauran garwashin da toka kada ya mutu, don akwai na bayan isha'i.